Wadda Ta Fara Addu'ar Iri

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi ina koyarwa, yawancinsu kuma sun bi ruwa, ko an tuna mini sai na yi ta lalube. Amma tafiyar da na yi Turai neman asalin wata addu'a, da abin da na aikata bayan na dawo, wannan kam ba zai fita daga raina ba har ranar da ƙasa za ta rufe mini ido. Ba zan kira sunan kowa ba. Wasu suna raye, waɗanda suka riga mu kuwa 'ya'yansu da jikokinsu suna nan, muna gaisawa a kasuwa.

Ni malama ce a wata makarantar horar da fastoci da ke kusa da Kafanchan, tarihin ikilisiya nake koyarwa. A gidajen malamai nake zaune, amma duk Asabar ina ƙauyenmu, can gindin dutse bayan Kagoro, inda mota ba ta shiga in damina ta kankama sai mashin. Kakana na wajen uba shi ne mai bishara na farko a garin, shi ya kafa majami'armu tun tana rumfar ciyawa. Da wannan labari aka raine ni, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya hau mini kai. Tun ina firamare in muka yi faɗa da wata yarinya ba na zagi, sai dai in riƙe ƙugu in ce mata, "Ba don kakana ba, da yanzu kina ina?" Allah ya gafarta mini, bakina bai taɓa sanin linzami ba.

Muna da wata al'ada a majami'armu da ban gan ta a wani wuri ba. In ruwan sama ya sauka sau biyu mai kyau, har ƙasa ta jiƙa zurfin tafin hannu, Lahadin da ke biye ita ce Lahadin iri. Kowane gida zai kawo ɗan abin da zai shuka, acca a ƙoƙo, dauro, masara, citta a ƙullin zane, wani ma kan doya, a jera su gaban bagade, wato teburin da ke gaban majami'a. Sai a ajiye Hausa, wadda da ita ake yin duk sauran sujadar, a yi wata gajeriyar addu'a da yarenmu. Ba ta da tsawo ko kaɗan, amma na sha ganin dattawan da ba su yi kuka a jana'izar matansu ba suna share ido da hula in ana yin ta. Kowa ya san kakana ne ya yi wannan addu'a. Shi ya sa ma gidanmu ne ke jan ta. Bayan rasuwarsa Babana ya gada, ya yi shekara da shekaru yana tsayawa gaban jama'a.

Wata rana wani abokin aikina ya turo mini sanarwa a waya. Wata gidauniya ce a Turai take ba malamai daga ƙasashenmu tallafi, su je su yi wata uku a laburaren da aka tara takardun 'yan mishan na zamanin da, su yi bincike a kan tarihin addu'ar Kirista. Jirgi, masauki, abinci, duk a kansu. Abin da suke so kawai, ka faɗa musu abin da za ka nema, in ka dawo kuma ka rubuta musu rahoton abin da ka samu. Na ce wannan ai da ni ake. Na yi sati biyu ina fama da fom ɗin nan, yau babu wuta, gobe sabis ya ɗauke, har sai da na riƙa hawa mashin zuwa cikin Kafanchan don in tura shafi ɗaya. A wurin da suka ce a bayyana aikin, ban rubuta cewa zan je in bincika wanda ya yi addu'ar iri ba. Na rubuta ƙarara cewa kakana ne ya yi ta, ni kuma jikarsa zan je in ɗauko shaida. Yau in ɗalibina ya kawo mini irin wannan rubutu, jan biro zan zuba masa, don wanda ya riga ya san amsa ba bincike ya fita ba.

Da amsa ta zo cewa an ɗauke ni, Baba ya fi ni murna. Tsohon hedimasta ne, dattijon ikilisiya, a lokacin ya haura tamanin, hawan jini kuma ya taɓa kayar da shi sau ɗaya har ƙafarsa ta hagu tana ja. Ga shi kwamitin majami'a sun riga sun yanke shawarar kafa dutse a bakin ƙofa, a sassaƙa addu'ar a jiki da sunan kakana a ƙasa. Lahadin da aka sallame ni, fasto ya kira ni gaba na durƙusa, dattawa suka ɗora mini hannu, 'yan zumuntar mata suka yi ta guɗa kamar amarya za a kai. Da muka koma gida Baba ya kira ni ɗakinsa.

"Malama," haka yake kirana in yana cikin nishaɗi, "ban ce ki kawo mini kwat ko agogo ba. Takarda ɗaya nake so, wadda Bature ya rubuta sunan ubana da hannunsa. In gan ta kafin in tafi."

Na ce, "Baba, ka sa a ranka ta riga ta zo."

Zaman Turai ba shi ne labarina ba, don haka ba zan ja shi ba. Sanyi ya gasa mini aya a hannu, abincinsu kuwa ba gishiri ba barkono. Kullum da safe in shiga laburaren, a karɓe jakata da birona a ba ni fensir, wata dattijuwa mai kula da takardun ta turo mini akwatunan kwali a kan ɗan keke. Wasiƙu ne da 'yan mishan suka riƙa aikawa gida, rubutun hannu, tawada duk ta koɗe. Na yi sati shida ina karanta labarin zazzaɓi da ginin ɗakin magani da dokin da ya mutu a hanya. Idanuna suka yi ja, na fara tunanin hannu wofi zan koma.

A sati na bakwai, wata Talata da hantsi, na buɗe wani fayil na ga sunan ƙauyenmu, a layi na uku kuma ga sunan kakana. Na ce "Na gode Yesu!" da ƙarfi har wani Bature da ke teburin gaba ya waiwayo. Sai na ci gaba da karatu, murnar ta riƙa tsiyayewa.

Baturen da ke kula da yankinmu ne ya rubuta wa shugabanninsa. Ya ce ya je ƙauyen a farkon damina ya tarar masu bi suna wata addu'a a kan iri, wadda ta taɓa shi ƙwarai. Ya tambayi mai bishara inda ya samo ta, mai bishara ya ce ba tasa ba ce. Wata gwauruwa ce mai dafa burkutu, wadda take zama a bakin rumfa tana sauraron wa'azi, ita aka ji tana yin ta a kan ƙoƙon accarta, sauran suka ɗauka. Matar ta nemi baftisma har sau biyu, aka ce sai ta bar dafa giya, ita kuwa ta ce da tukunyar nan take ciyar da 'yarta guda tun da mijinta ya mutu. Mai bishara ya roƙa mata, Baturen ya ƙi. A ƙarshen wasiƙar ya ce ya umarci mai bishara ya ci gaba da koyar da addu'ar amma da sunansa, don ba zai yi kyau a ji cewa ikilisiya ta koyi addu'a a bakin mai giya ba. Sunan matar bai rubuta ba. Unguwarsu kawai ya faɗa, ta bakin rafi.

Ban buƙaci suna ba. A unguwar bakin rafi gida ɗaya ne har gobe ake kira gidan mai giya, ko da yake rabon da a ɗora tukunyar burkutu a cikinsa tun ba a haife ni ba. 'Yar nan guda kuwa na san ta. Tsohuwa ce tukuf, ta girmi Baba, duk gari Kaka ake ce mata. An yi mata baftisma tun tana budurwa, ba a taɓa kama ta da wani laifi ba, amma kullum a bencin baya take zama, inda ake zaunar da waɗanda ikilisiya ta sa a horo. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Na sha wuce ta in ce "Sannu Kaka" ban ko rage tafiya ba.

Na zauna a kujerar nan ina kallon takardar. Haushi na fara ji, ba tausayi ba, gaskiyar ke nan. Haushin Baturen, haushin takardar, har haushin gidauniyar da ta ɗauko ni tun daga gida don in zo in ga wannan. Zuciyata ma ta raya mini in mayar da wasiƙar cikin fayil in ce ban gani ba. Wa zai sake tasowa daga ƙauyenmu ya buɗe akwatin nan? Dattijuwar mai kula da takardun ta ga fuskata, ta zo ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, hoton shafi biyu nake so. Ta ɗaukar mini, na ninke na sa a cikin Littafina Mai Tsarki, ban sake buɗe wurin ba har na bar ƙasar.

Na iso gida farkon Disamba, lokacin da ko'ina a kan duwatsu citta ce aka tsaga aka shanya. Baba bai bari na ko sha ruwa ba.

"Ina takardata?"

"Baba, takardun sun yi yawa. Na ɗauko hotuna, sai na zauna na tace su."

"Amma kin ga sunansa?"

"Na gani."

Ya ɗaga hannu sama yana godiya, hawaye na bin kumatunsa. Ai ban yi ƙarya ba, in ji ni a raina, na ga sunan. Da irin wannan wayo na riƙa lallashin kaina.

Tsoro biyu ne suka riƙe ni. Ina tsoron in faɗa wa Baba jininsa ya hau ya faɗi, a ce ni na kashe shi. Ina kuma jin kunyar mutanen da suka ba ni tallafi a kan maganar da na bugi ƙirji da ita, ga shi ta tashi ba haka ba. Suka turo imel suna tambayar rahoto, na ce ina kan aiki, alhali na san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kaka kuwa, wadda maganar ta fi shafa, ban sa ta a tunanina ba sam.

Ranar Kirsimeti ma sai da muka yi kiciɓis a ƙofar majami'a. Tana hawa matakala da sanda, tana hutawa a kowane taki, ta cafke mini hannu.

"Maraba da 'yar Turai! An ce kin je can koyon addu'a. Tamu ta ƙare ne?" Ta yi dariya. "To me kika kawo wa tsohuwa?"

Takardar uwarta tana cikin littafin da ke hammatata. Na laluba jaka na ba ta alawa guda biyu. Ta sa mini albarka har da tofi a tafin hannu. Duk lokacin da na tuna alawar nan, sai in ji kamar in nutse.

A watan Fabrairu fasto ya same ni a gidan Baba da rubutun da za a sassaƙa a dutsen. Ya ce tunda Allah ya ba su malamar tarihi a gida, in duba in sa hannu kafin a kai wa mai sassaƙa a Kafanchan. Na karanta, ga addu'ar, ga sunan kakana a ƙasa da manyan baƙaƙe. Na riƙe biro na kasa sa hannu. Takarda ana iya yagawa, dutse fa? Na ce wa fasto ya ba ni kwana biyu. Da ya fita na zaro hoton wasiƙar na miƙa wa Baba, na durƙusa a gefen kujerarsa.

Turancin Baba ya fi nawa. Ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, ya koma farko. Na zuba wa ƙirjinsa ido ina jiran abin da nake tsoro. Bai faɗi ba. Ya cire tabarau ya ajiye a hankali.

"Tun yaushe kike da wannan?"

"Tun ina can."

"Wato kin ci abincin Turawa wata uku, kin dawo ki tone kakanki daga kabari ki tsiraita shi."

"Baba, ai bai yi sata ba. Shi da bakinsa ya ce ba tasa ba ce. Umarni aka ba shi."

"Rufe mini baki! Shekara nawa ina tsayawa gaban jama'a ina cewa addu'ar ubana? So kike in mutu maƙaryaci?" Ya jefo mini takardar. "Muddin ina numfashi, maganar nan ba za ta fita daga ɗakin nan ba. In na mutu ki yi abin da kika ga dama."

Ni kuma da bakina, sai na ce, "Ashe duk wa'azin gaskiyar da kake yi, na 'ya'yan wasu ne." Ya nuna mini ƙofa. Sati uku bai amsa gaisuwata ba, in na kai masa abinci sai ya kira ƙanwata ta ɗauke. Fasto kuwa na riƙa yi masa hanya-hanya, yau ina da jarrabawa, gobe ban gama dubawa ba.

A tsakiyar Maris aka yi Lahadi biyu ban ga Kaka a majami'a ba. Na tambaya, aka ce ƙafafunta ne suka kumbura. A ranar ne na ji tsoro na uku, wanda ya kamata in ji tun farko. Bayan sujada na ɗauki littafina na gangara bakin rafi, ban faɗa wa kowa ba.

Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, tana ɓare ɗorawa a faifai. Na durƙusa na gaishe ta da yarenmu.

"Wace ce? Jikar mai bishara? Yau ɓatan hanya kika yi?"

Na ce, "Kaka, wata takarda na samo a can Turai. Maganar mahaifiyarki ce a ciki."

Hannunta ya tsaya a kan faifan. Na karanta mata, ina juyawa zuwa yarenmu layi bayan layi, ban tsallake komai ba, har wurin da ya ce ba zai yi kyau ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce in maimaita inda ya ce addu'ar ta taɓa shi. Na maimaita.

"Ya rubuta sunanta?"

"Bai rubuta ba, Kaka."

"To." Can ta faɗi sunan a hankali, ta ce, "Ke ki rubuta." Na rubuta a gefen takardar, ta sa na karanta mata don ta ji ko na kama daidai.

Na tambaye ta ko ta san addu'ar ta mamarta ce. Ta ce yaya ba za ta sani ba, ita ce ke riƙe ƙoƙon. Na ce to me ya hana ta faɗa duk shekarun nan?

"'Yar mai giya ta tashi ta ce addu'ar mai bishara ta uwarta ce? Wa zai ji? Kuma ban so in ɓata wa kakanki suna ba. Ke ba ki san abin da ya yi mana ba."

Sai ta ba ni labarin da babu shi a cikin akwatunan Turai. Uwarta ta rasu damina biyu bayan zuwan Baturen, ita kuma ba ta fi shekara tara ba. Masu bi suka ce ba a yi mata baftisma ba, ba za ta shiga makabartar ikilisiya ba. Danginta masu addinin gargajiya suka ce ai ta riga ta bi Yesu, su ma ba ruwansu. Gawa ta wuni a ɗaki, yarinya tana zaune a bakin ƙofa. Da la'asar kakana ya zo shi kaɗai da garma a kafaɗa, ya haƙa kabari a bayan gidan, ya naɗe ta a zanen matarsa ya sa ta. Babu waƙa, babu wa'azi.

"Ya tsaya ya rasa abin da zai ce," in ji Kaka. "Sai ya riƙe hannuna ya yi mata addu'arta."

Ta rufe ido ta yi ta, da muryar da ba ta fi raɗa ba. Ga ta da Hausa, iyakar yadda zan iya juyawa: Ya Uba, ga abin da muka hana bakinmu. Mun ji yunwa, yara sun yi kuka, ba mu taɓa shi ba. Yanzu za mu sa shi a ƙasa mu rufe, mu koma gida hannu wofi. Kai da ka san hanyar fitowa daga cikin ƙasa, ka nuna masa.

Tun ina goye nake jin addu'ar nan, na cika fom a kanta har na hau jirgi, amma a ranar ce ta fara shiga kunnena. Na kifa kaina a kan tabarmar na yi kuka kamar yarinya. Tsohuwar da na riƙe wa haƙƙinta kusan wata huɗu, ita ce ke bubbuga bayana tana cewa ya isa.

Daga can ban tsaya ko'ina ba sai ɗakin Baba. Na ce, "Na karya umarninka, na je bakin rafi. Ka yi mini duk abin da za ka yi, amma ka ji wannan tukuna." Na faɗa masa labarin kabarin. Bai sani ba. Lokacin da abin ya faru yana rarrafe, kakana kuma har ya mutu bai taɓa ɗaga maganar ba. Bayan kwana biyu Baba ya aika a kira ni daga makaranta, na tarar ya sa babbar rigarsa ta zuwa sujada. Ya ce in samo mashin da zai kai shi bakin rafi.

Abin da suka faɗa wa juna ba duka na ji ba, don na ba su wuri. Na dai ga Baba, dattijon ikilisiya, ya cire hula ya zauna a ƙasa kusa da tabarmarta, da wannan ƙafar tasa da ba ta lanƙwasuwa. Da za mu tafi na ji ya ce, "Yaya, ranar Lahadin iri, a gaban kowa, da bakina zan kira sunanta. Ke kuma za a ɗauko ki a kujera ki zauna kusa da ni."

Ta ce, "To, Allah ya kawo ruwa."

Da muka isa gida na ce masa, "Baba, me zai hana wannan Lahadin?" Ya ce a'a, babban abu ranarsa ake jira, addu'ar iri kuma ba a taɓa ta sai iri yana gaban bagade, haka aka gada. Na ga da gaskiyarsa, na yarda. Ni da na riga na ɓata watanni, na sake yarda da wani jiran. Ai saura sati biyu ko uku, in ji mu.

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar. Hadari ya haɗu a kan dutse ya watse, ya sake haɗuwa ya watse. An yi yayyafi sau ɗaya, dattawa suka tona ƙasa da yatsa suka ce bai kai ba. Kowace safiya sai in fito ƙofar gidana in duba gabas, ni da ko kunyar gyaɗa ɗaya ba ni da ita. Afrilu ta kusa ƙarewa, wata Alhamis ina cikin aji, wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce. Ta ce Kaka ta rasu da hantsi, tana zaune a kan tabarmarta.

Aka binne ta ranar Asabar a makabartar ikilisiya, da waƙoƙi, 'yan zumunta duk cikin zanensu. Bayan kwana takwas ruwa ya sauka, ya sake sauka a tsakiyar sati.

Ranar Lahadin iri majami'a ta cika, ƙoƙuna sun jeru gaban bagade. Baba ya tashi da sandarsa. Bai fara addu'ar ba, ya ce yana da magana. Ya faɗi komai, bai rage ba, bai kare kansa ba, daga wasiƙar Bature har kabarin bayan gida. Ya ce shekara da shekaru yana faɗin abin da ba haka ba, yana roƙon ikilisiya gafara, yana roƙon gidan bakin rafi gafara. Sai ya kira sunan matar. Jikokin Kaka suka dubi juna, don su ma sunan baƙo ne a kunnensu. Ya sake kira, muryarsa ta karye. Na duba daga gaba har baya, duk taron nan babu mutum ɗaya da ya taɓa ganin fuskar mai sunan. Wadda za ta ji shi ta ce uwata ce, mun rufe ta da ƙasa sati biyu da suka wuce.

An sassaƙa dutsen da sunanta. Na aika wa gidauniya rahoto, na fara da cewa abin da na rubuta musu a fom kuskure ne. Ina jiran faɗa, sai suka amsa da godiya, har suka ce in ina so in nemi komawa karo na biyu. Ashe tsoron ma na banza ne, wannan kuwa ya ƙara mini ciwo. Ban koma ba. Baba ya ƙara shekara uku a duniya, gaskiya ba ta kashe shi ba, kuma mun shirya. Amma maganar jiran ruwan nan, har ya tafi ba mu taɓa iya tayar da ita a tsakaninmu ba.

Wasiƙar nan ta yi shekaru masu yawa a cikin akwati, da ta ƙara wasu ma babu abin da zai same ta. Mutum ne ba shi da wannan lokacin. Abin da na koya ke nan: in gaskiyar da ta shafi wani ta faɗo hannunka, ba taka ba ce, ajiya ce, mai ita kuma tsufa yake yi kullum da kake neman ranar da ta dace. Ɗalibaina masu neman irin wannan tallafi ina taya su cika fom, ina kuma ce musu su je, su buɗe akwatunan, amma duk abin da suka samu su tambayi kansu ɗan wa ko 'yar wa ke zaune a gida, su kai masa a satin da suka sauka, ko jaka ba su kwance ba. Ni na jira lafiyar Baba, na jira kunyata ta wuce, na jira ruwan sama. Kaka ta ji takardar daga bakina a tsakar gidanta, amma ba ta ji an kira sunan uwarta a cikin majami'a ba, kuma ni ce sanadi.